Za a sayar da maƙabartar da aka binne maigidana: shin takardar kabarin za ta kare shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune da 'ya'yana a wani gari a arewacin Ingila. Maigidana ya rasu shekaru 6 da suka wuce, aka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar ƙaramar hukuma. Yanzu mun ji cewa hukumar na shirin sayar da maƙabartar ga wani kamfani saboda ƙarancin kuɗi. A zauren WhatsApp na 'yan gida wasu na cewa kamfanin zai tone gawarwaki ya gina gidaje, wasu kuma na cewa in kwantar da hankalina, tunda mun biya kuɗi kuma muna da takarda, kabarin namu ne har abada. Har an ba ni shawarar a tono shi a kai shi gida. Wallahi na kasa barci. Wace magana ce gaskiya?

AMSA daga lauya mai aiki kan dokokin filaye da ƙananan hukumomi a Ingila:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan maigida, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ki haƙuri ke da yara. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne, amma ta biyun, wadda ta fi daɗin ji, ita ce ta fi haɗari.

Batun tono ba zai ɗauke mu lokaci ba. Sashe na 25 na Dokar Binne Gawa ta 1857 ya mayar da tono gawa laifi, sai da lasisin Ma'aikatar Shari'a, ko izinin kotun coci idan wurin na Cocin Ingila ne, kuma wannan hukunci yana kan duk wanda ya mallaki ƙasar, hukuma ce ko kamfani. Ba a wayi gari an ga katafila a kan kabarin shekara 6 don kawai maƙabarta ta canja hannu. Wanda ya ce a tono maigida a kai shi gida kuwa, bai san cewa shi ma wannan aikin sai da lasisin nan ba, da amincewar dangi na kusa, da kuɗi masu yawa, balle kuma malamai ba sa halatta tono mamaci sai da larura ta gaske. Jita-jitar waya ba larura ba ce.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau. Kusan duk wanda ya zo mini da irin wannan damuwa yakan fito da wata ambulan, a cikinta akwai rasiɗin masu shirya jana'iza da takarda ɗaya mai tambarin hukuma, ɗauke da harafin ɓangare da lambar kabari, sannan ya ce, "Ai mun saya." Ba ku sayi ƙasa ba, Hajiya. Ko taku ɗaya na wannan wuri bai zama naku ba. Abin da kuka biya wa kuɗi shi ne keɓantaccen izinin binnewa, wato ikon faɗin wanda za a sa a wannan kabari, na wani wa'adi da aka ƙayyade. Dokar maƙabartun ƙananan hukumomi ta 1977 ta hana su bayar da wannan izini na fiye da shekara 100, kuma da yawansu a yau shekara 30, ko 50, ko 75 suke bayarwa. Ki ɗauko takardar ki duba, za ki ga adadin shekarun da ranar da suka fara ƙirguwa. Kamar rumfar kasuwa ce da ƙaramar hukuma ta ba ɗan kasuwa: takarda na hannunsa, ba mai shiga masa, amma ƙasar ba tasa ba ce, kuma ranar sabuntawa na nan tafe.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. A gida maƙabarta ta jama'a ce, yawanci waƙafi ce ko filin da hukuma ta ware, ba a sayar da kabari, iyaka a ba masu haƙa ɗan ihsani. Saboda haka mutumin da ya taso a Kano ko Damagaram, in ya ga an karɓi dubban fam a hannunsa an miƙo masa takarda mai hatimi, babu abin da zai zo masa a rai sai takardar fili. Uzuri ne, amma uzurin ba ya tsawaita wa'adi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu tsayawa a wurin zaman makoki suna tabbatar wa iyalai da wannan magana da ƙarfin murya, alhali ba su taɓa karanta takardar ba ko sau ɗaya.

Illar wannan fahimta ita ce tana sa mutane su ajiye takardar a ƙasan akwati su manta. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ikon kabarin ya koma hannun mai maƙabarta. Ba za a taɓa gawar ba, amma ana iya cire allon kabarin bayan an yi sanarwa, kuma idan akwai sauran zurfi a sama, ana iya binne wani da ba ku sani ba a wurin. Sanarwar kuwa ana aika ta ne zuwa adireshin da ke cikin rajista, wanda sau da yawa gida ne da iyalin suka bari tun shekaru aru-aru. A Landan ma doka ta wuce nan, domin tun 2007 ƙananan hukumomin birnin suna da ikon sake amfani da kaburburan da suka kai shekara 75, ta hanyar ƙara zurfin kabarin a mayar da ƙasusuwan can ƙasa. Maƙabartun da ba na hukuma ba su ma sun nemi irin wannan iko daga majalisar dokoki sun samu: ta New Southgate a 2017, ta Highgate a 2022.

Akwai kuma tambayar da mutane ba sa yi wa kansu: sunan wa ke kan takardar? A ruɗewar ranar rasuwa, ana gaggawar a yi sutura kafin rana ta faɗi, wanda ya je ofis ya sa hannu yakan zama abokin mamaci, ko shugaban ƙungiyar 'yan gida, ko wani ƙani da ya zo karatu ya koma Najeriya. A idon doka wannan mutumin ne mai iko da kabarin, ko da kuwa ke kika biya kuɗin. In kuma sunan marigayin ne da kansa, to izinin ya shiga cikin dukiyar da ya bari, ba ya komawa kanki kai tsaye, sai an bi hanyar canja suna da takardun gado na kotu ko rantsuwa a gaban lauya, sauran magada su sa hannu cewa sun amince. Aiki ne mai cin rai, ofisoshin kuma ba sa sauri, wani lokaci takarda ɗaya sai ta yi makonni a kan tebur. Amma idan ba a yi ba, ranar da kika so gyara allon, ko aka so buɗe wurin don wani daga cikin iyali, za a ce a kawo sa hannun mai izini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sayarwar kanta fa, me za ta canja? Dokar 1977 da na ambata ƙananan hukumomi kaɗai ta ɗaure, maƙabartun kamfanoni kuwa babu wata doka guda da ta tsara yadda za su kula da wuri. Yau kina da kansilan da za ki kai wa kuka, kina da damar neman bayanai a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, kina da ofishin sauraron koken jama'a kan ƙananan hukumomi. Ranar da aka sayar, waɗannan ƙofofi sun rufe, sai abin da aka rubuta a yarjejeniya. Farashin buɗe kabari, rangwamen mazauna gari, binnewa a ranar rasuwa ko a ƙarshen mako, binnewa da likkafani ba tare da akwati ba, duka sun koma ga ra'ayin kamfani.

Ingila ta taɓa ganin wannan. A watan Janairun 1987, ƙaramar hukumar Westminster da ke Landan, a ƙarƙashin shugabarta Shirley Porter, ta sayar da maƙabartunta uku, Hanwell da Mill Hill da East Finchley, kan kwabo 5 kowace ɗaya, don ta huta da kuɗin kula da su, ta haɗa da gidajen masu gadi da wurin ƙona gawa da wani fili mai daraja. Nan da nan wanda ya saya ya sake sayarwa kan sama da fam miliyan 1. Ciyawa ta rufe kaburbura, 'yan ɓarna suka farfasa alluna, dangin mamata suka kafa ƙungiya suka yi ta fafutuka, mai binciken kuɗi ya ce sayarwar ta saɓa wa doka, sai a 1992 hukumar ta dawo da maƙabartun hannunta, amma ɓangarorin da ke kawo kuɗi sun riga sun tafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin maƙabarta daga sababbin kaburbura yake fitowa, kuma ranar da fili ya cika, kuɗin shiga ya tsaya, amma yankan ciyawa da gyaran katanga da magudanar ruwa ba sa tsayawa. Haka kamfanonin maƙabartu na ƙarni na 19 suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Maƙabartar Nunhead a Landan an yi watsi da ita har ta zama daji, ƙaramar hukumar Southwark ta karɓe ta kan fam 1 a tsakiyar shekarun 1970. Ta Arnos Vale a Bristol, mai ita ya so share wani ɓangare don gini, sai da hukumar birnin ta ƙwace ta da ƙarfin doka a 2003. Maƙabartar Brookwood, inda aka fara ware wa Musulmi wuri a ƙasar tun shekarun 1880, ta koma hannun hukumar Woking a 2014. Ba ina cewa kowane kamfani macuci ba ne, akwai masu riƙe wuri tsaf-tsaf fiye da hukuma. Tambayar ita ce wa zai riƙe bayan shekara 40.

Don haka ki fara bincika ko sayarwa ce ta gaske, ko kwangilar gudanarwa ce inda ƙasar ke nan a hannun hukuma, domin mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali bambancin babba ne. Rahoton da za a gabatar wa kansiloli yawanci ana sa shi a shafin hukumar na intanet kwanaki kafin zama. Ku karanta shi ku da kwamitin masallaci, ku je wurin kansilolinku a ƙungiyance, ku nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa mai saye zai mutunta duk izinin da aka riga aka bayar tare da damar sabuntawa, cewa ba za a raba filin da ba a yi amfani da shi ba a sayar daban, cewa za a ware kuɗin kulawa da kamfani ba zai taɓa ba, kuma wurin zai dawo hannun hukuma idan kamfanin ya karye. Alƙawarin baki a taron jama'a ba ya ɗaure kowa.

Amma abin da ya rataya a wuyanki ke kaɗai, ki yi shi cikin makon nan: ki rubuta wa ofishin maƙabarta, ki ba su harafin ɓangare da lambar kabari, ki nemi su tabbatar miki a rubuce sunan da ke cikin rajista, adireshin da suke da shi, da ranar da wa'adi zai ƙare. In sunan ba naki ba ne, ki fara neman canji yanzu, ki kuma tambayi kuɗin ƙara shekaru tun farashin yana hannun kansiloli. Rajistar da hukuma ta miƙa ranar sayarwa, da ita kamfanin zai yi aiki, har da duk kuskuren da ke cikinta.