Gibi ya fito a lissafin shago, zan iya cirewa a albashin yarona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, akwai yaron da yake kula min da shi shekara 7 kenan, dubu 80 nake biyansa duk wata. Bana na ɗauko akanta ya duba littattafai aka ƙirga kayan shago da na sito sai ga gibin miliyan 2 da dubu 300. Yaron ya rantse bai ci ko sisi ba, mahaifiyarsa ma ta aiko wai na munana masa zato da na kawo baƙo ya bincike shi. Makullin sito uku ne, ɗaya wajena ɗaya wajensa ɗaya wajen babban ɗana, kuma tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 wasu kwastomomi ta asusunsa suke turo kuɗi. Amma tun ran da na ɗauke shi mun yi sharaɗi duk abin da ya ɓata shi zai biya. Na yi laifi da binciken? Kuma ya halatta in dinga cirewa a albashinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji binciken dai ba ka yi laifi ba, wannan ba wurin saɓani bane. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi lissafi da Ibnul Lutbiyya da ya dawo daga karɓar zakka, hadisin yana Bukhari da Muslim. Duba dukiyarka daban, zargin mutum daban. In akwai abin da zan ce ka yi kuskure to shi ne barin shago shekara 7 ba a taɓa ƙirga ba, rana ɗaya kawai yaro ya ga baƙo da kwamfuta a kansa, dole uwarsa ta ji wani iri.

Inda hukuncin ya juya shi ne wata magana da ka faɗa a tsakiya kamar ba komai ba: makulli uku ne. Alhaji ka sake karanta jimlar nan. Kai kana buɗe sito, ɗanka yana buɗewa, shi ma yana buɗewa, to da wane ma'auni ka auna ka gane katan ɗin da ya ɓata ta hannunsa ya fita? Akanta ya gaya maka nawa ne babu, bai gaya maka wa ya ɗauka ba, kuma in mai gaskiya ne ba zai iya ba a irin wannan tsarin. Yaron da kake biya albashi yana aiki a shagonka amintacce ne a Shari'a, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in an tabbatar ya yi ta'adi ko sakaci, kai ne mai da'awa hujja tana kanka, shi kuma rantsuwa. Kuma na san halin kasuwa, sau nawa maigida yana gida zai bugo waya ya ce a ba Alhaji wane buhu 20 na shinkafa zai kawo kuɗin Juma'a, ba a rubuta ko'ina ba? Sau nawa aka kai taliya da mai cikin gida daga shago? Ga kayan da ruwa ya taɓa, ga wanda wa'adinsa ya wuce, ga alat na bogi. Shekara 7 na irin wannan za su iya haifar da fiye da abin da ka gani ba tare da an yi sata ko sau ɗaya ba.

Sai maganar sharaɗi, nan zan ɗan daɗe sabida na san akwai masu ba da fatawar cewa tunda ya yarda to ya hau kansa, suna kafa hujja da cewa musulmi suna kan sharuɗɗansu. Hadisin da suke kawowa ƙarshensa ya ware sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal, su kan tsaya kafin su kai nan. Jumhurun malamai, har da namu na Malikiyya, sun tafi a kan cewa ɗora wa amintacce lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, ta hanyar sharaɗi ba ya inganta, don sharaɗi ne da ya ci karo da asalin ƙulla yarjejeniyar. Ka duba hankalin abin mana, riba in ta zo taka ce kai kaɗai, shi dubu 80 ɗinsa ce ko an yi ciniki ko ba a yi ba, to ta yaya asara kuma za ta zama tasa? Wanda yake cin riba shi yake ɗaukar asara. Ko a ƙiradi, wato ka ba mutum jari ya juya, inda mai juya kuɗin yake da kaso a riba, in ka sharɗanta masa lamunin jari ka ɓata ƙiradin, balle ɗan albashi.

Wasu kuma su ce ai Imam Malik ya ɗora wa masu sana'a biyan abin da ya ɓata a hannunsu saboda maslaha. Gaskiya ne, amma su waye? Tela ne da ka kai wa shadda, ko marini irin na Ƙofar Mata, mutumin da ya buɗe sana'arsa ga kowa, ya karɓi kayanka ya shige da su inda ba ka gani, ba wanda yake taɓawa sai shi. Su ɗin ma in hujja ta nuna kayan sun halaka ba da hannunsu ba an sauke musu. Yaronka kuwa a shagonka yake ƙarƙashin idonka, makulli a aljihun mutum uku, kaga ƙiyasin bai hau ba. Yardar da ake ta faɗa ma, saurayin da ya zo neman abinci ko me ka gindaya masa ai "to" zai ce. Lissafa ka gani, dokar ƙwadago ta ƙasar nan ba ta yarda abin da ake cirewa a wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, a hakan sai ya haura shekara 7 yana biyan abin da ba a tabbatar ya ci ba.

Don haka kar ka taɓa albashinsa, in ka fara cirewa ka mayar masa. Abin da kake da haƙƙi a kai shi ne kuɗin da suka shiga asusunsa, ka nemi ya ciro sitatimen daga 2023 zuwa yau a zauna da akanta a bi kuɗin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya shiga bai iso shago ba wannan kam bashi ne a wuyansa sai ya biya. Amma iya nan. Karɓe wayarsa ana karanta hirarsa ta WhatsApp leƙen asiri ne, ba a ba ka wannan ba. Kuma in za a tambayi yaro to a tambayi ɗanka irin tambayar, a zama ɗaya, in ba haka ba ka zalunci ɗan wani.

Gyara na gaba kai ya fi shafa. Kuɗin shago su daina shiga asusun kowa sai na shago, POS ma haka. Mai karɓar kuɗi kar ya zama shi ne mai rubuta littafi, mai makullin sito mutum ɗaya ne tak kuma ba abin da zai fita sai da takarda mai lamba, ko da kai ne ka aiko, musamman ma kai. Kullum kafin a rufe a haɗa rasit da alat da tsabar da ke durowa, a dinga ƙirga kaya ba sanarwa lokaci-lokaci. In ka killace masa haka sannan aka samu gibi, a lokacin ne maganar sakaci za ta samu ƙafa. Ka kuma gaya masa a fili, ihsanin da diloli suke ba yaran shago don su tura kayansu ba nasa bane sai da saninka, a kan irin wannan kyautar aka tsawatar wa Ibnul Lutbiyya.

Wani abu kuma da ya tsaya min, mai irin kasuwancinka duk shekara ake so ya ƙiyasta kayan shagonsa ya fitar da zakka. In shekara 7 ba a ƙirga ba to a kan me kake fitarwa? Ka sa akantan nan ya taya ka komawa baya, in da ragowar haƙƙin talakawa ka cika. Mahaifiyar yaron kuma ka je da ƙafarka ka yi mata bayani, kar ka aika. Wallahu a'alam.