Ta ina mai sha'awar wasan kwaikwayo zai fara a Zariya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da fitowa a dandali za ka fara, ko da rubutu, ko da ba da umarni. Shawarata ka fara da fitowa, domin wanda bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba, da wuya ya rubuta maganar da za ta zauna a bakin ɗan wasa. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya yi suna wajen kai wasa ƙauyuka, inda ɗalibai ke zama da manoma su gina labari daga matsalolinsu, kuma a ganina babu makarantar marubuci da ta fi wannan. Ba da umarni kuwa sai ka daɗe kana taimaka wa darakta. Ka riƙe wata sana'a a gefe, domin dandali bai cika ciyar da mai shi ba.