Bakina na cewa "mun gode Allah", zuciyata kuwa ɗaci: munafunci nake yi?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina rubutowa daga wajen Kaltungo. Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri, masarar da muka ci bashin taki a kanta ba ta yi abin kirki ba, maigida kuma yana kwance tun watan Agusta. Ga godiyar kaka ta majami'armu ta matso. In an gaishe ni nakan ce "mun gode Allah", amma a raina ɗaci kawai nake ji. Wannan ba munafunci ba ne? Kuma me zan kai gaba ranar, alhali wasu za su jero da buhuna?

Amsa: Mama, sannu da jinya, Ubangiji ya tashi kafaɗar maigida. Ba munafunci kike yi ba. Munafuki shi ne mai nuna wa mutane abin da ba shi da niyyarsa don a yabe shi. Ke kina so ki gode, zuciyar ce ta gaji. Damuwar da ta sa kika rubuto ma shaida ce, munafuki ba ya kwana da irin wannan tambaya.

Inda mutane da yawa suke tuntuɓe shi ne sun ɗauka godiya sai rai ya yi fari, don haka suna jira su ji daɗi kafin su buɗe baki. A Littafi Mai Tsarki godiya aiki ce, ana sa mata lokaci, ana kiran abin da Allah ya yi da sunansa. A 1 Tarihi 23:30 Dawuda ya ɗora wa Lawiyawa su tsaya kowace safiya su yi godiya da yabo, haka kuma da yamma. Ba a ce sai ranar da suka tashi da walwala ba. Daniyel ya san an riga an sa hannu a dokar da za ta kai shi ramin zakoki, ya hau ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya. Daniyel 6:10 ta ƙara da cewa haka ya saba yi. Wannan sabon ne ya riƙe shi ranar tsoro.

Game da ɗacin, kada ki binne shi. Ki buɗe Zabura 13, aya 6 ce kacal. A ayoyi biyu na farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau 4, ya ce an manta da shi. A tsakiya ya roƙa. Sai a ayoyi biyu na ƙarshe ya ce ya dogara ga ƙaunar Allah, zai raira waƙa domin alherin da aka yi masa. Kuka, roƙo, sannan tunawa: mutum ɗaya, addu'a ɗaya. Zabura 88 kuma ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu waƙa ko layi ɗaya a ƙarshenta, Allah kuwa ya bar ta a cikin Littafinsa. Ranar da aka aza harsashin Haikali na biyu, Ezra 3:11-13 ta ce jama'a na sowa da godiya, tsofaffin da suka ga Haikalin farko na rusa kuka, har ba a iya bambanta sowar da kukan. Yesu kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, jim kaɗan ya ɗaga ido ya gode wa Uba, gawar tana ciki tukuna (Yahaya 11:35, 41). Saboda haka in wani ya ce miki mai bi ba ya kuka, ki tambaye shi ayar.

Ga yadda zan shawarce ki ki yi. Ki ware lokaci biyu, da asuba kafin ki hura wuta da kuma dare bayan kin ba maigida magani. Minti biyar ya isa. Ki fara da abin da ke cin ranki, ki faɗa wa Allah yadda yake: bashin taki, kuɗin asibiti, kunyar da kike ji. Ki roƙi abin da kike bukata, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya wuri ɗaya, wasiƙar da Bulus ya rubuta yana ɗaure. Sannan ki kira abu uku na wannan yinin da babbar murya, ba a zuci ba.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi wuya. Yawancinmu mukan tsaya a "na gode da rai da lafiya", mu maimaita har kalmomin su zama fanko. Dalili kuwa, zuciya ba ta motsawa da magana ta gama-gari. Ki ce, "Na gode yau ya shanye kofin kunu bai amayar ba." Ki ce, "Na gode maƙwabciya ta aiko da kwanon wake ban roƙa ba." Ki ce, "Na gode mai bashi ya yarda ya jira zuwa Disamba." Dubi Zabura 136: aya 26, kowace na ƙarewa da ƙaunar Allah madawwamiya, amma rabin farko na ayoyin lissafi ne, ya yi rana da wata, ya raba Bahar Maliya, ya bi da jama'a cikin jeji, har an kira sarakunan da ya kashe, Sihon da Og, da sunayensu. Ki sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki riƙa sa kwanan wata da abubuwa ukun. Ƙarshen wata ki karanta daga fari. Mutum mai mantuwa ne, shi ya sa Zabura 103:2 take gargaɗin rai kada ya manta, shi ya sa ma Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, wato dutsen taimako. In rubutu ba ya miki sauƙi, a addu'ar dare kowane yaro ya faɗi abu ɗaya, babban cikinsu ya rubuta. In kwana ya tsallake miki, ki ci gaba daga inda kike, ba bashi ba ne da za a rama.

Akwai godiyar da na ke so ki guje wa. Ɗaya ita ce ta kwatance, "na gode ban zama kamar wance da mijinta ya rasu ba". Bafarisiyen Luka 18:11 da godiya ya buɗe addu'arsa, ya koma gida bai sami karɓuwa ba, don ya taka wani ne ya hau. Ɗayar ita ce ta ciniki, wato a gode don Allah ya gaggauta biya. Ba a yi mana wannan alkawari ba. Daniyel ya gode, aka kuwa jefa shi ramin. A Ayyukan Manzanni 27 Bulus ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa a jirgin ruwa mai ɗauke da mutum 276, bayan kwana 14 cikin hadiri, da gari ya waye jirgin ya farfashe. Rayukan ne suka tsira, kayan duk sun tafi.

Sai batun ranar godiyar kaka. Maimaitawar Shari'a 26 ta ce manomi ya sa nunan fari a kwando ya kai, ya tsaya ya ba da labarin yadda Allah ya fitar da kakanninsa daga Masar. Ba a faɗi girman kwandon ba. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kin kuma san gwauruwar Markus 12 da 'yan kuɗinta biyu. To ki auni mudu ɗaya na masarar nan, ko ƙoƙon gyaɗa, ki tsince shi tsaf, ki kai. Kada ki ci bashi a kan bashi don ki fita kunya, kada kuma ki miƙe a gaban jama'a ki yi wa'adin akuya ko buhu na baɗi. Mai Hadishi 5:5 ta ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa, Hananiya da Safiratu ma son a gan su ne ya kai su ga ƙarya. Dattawan ikkilisiya su ma su ji: kiran suna da yawan buhu ta lasifika yana hana masu ƙaramin ƙarfi zuwa sujada ranar, ni ban ga nassin da ya goyi bayansa ba. Hadayar godiya a Littafin Firistoci 7:15 a ranar ake cinye namanta, ba a bari ya kwana, ka ga dole a kira mutane a ci tare. Hatsin da aka tara ranar godiya, ya kamata gidaje irin naki su kasance cikin masu samun rabo.

Cikin kutare 10 na Luka 17, duka sun warke, ina kuma ganin duka sun yi murna. Basamariyen ne kaɗai ya juyo, ya ɗaga murya, ya faɗi a gaban Yesu. Ki yi koyi da shi har wajen mutanen da Allah ya bi ta hannunsu. Cikin makon nan ki taka ki je gidan waɗanda suka taimake ku, kamar wadda ta aiko da wake ko wanda ya kai maigida asibiti a babur, ki gaya musu abin da taimakon ya yi muku.

Ki kuma sanar da shugabar Zumuntar Mata da fastonku halin da gidan yake ciki, da bakinki, kada ki bari sai sun ji a gari. In kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka ba ya tsayawa har sama da mako biyu, ranar da kika raka maigida asibiti ki gaya wa ma'aikacin lafiya ya duba ki ke ma. Gajiyar mai jinya ciwo ce da ake magancewa, ba raunin bangaskiya ba.