Zan iya ɗura ruwan lagireto da sunan shagona in sayar a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nijar ne, ina da shagon kayan gyaran mota a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Idan sanyi ya shigo, antifiriz, wato ruwan lagireto mai hana daskarewa, yana tafiya sosai. Na samu mai ba ni duro mai galan 55 da araha. Ina so in riƙa ɗurawa a jarkoki, in manna sunan shagona, in sayar wa kanikawa. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai matsala, kuma ina roƙonka kada ka biya kuɗin duron nan tukuna.

Yanzu da kake sarin jarkokin manyan kamfanoni kana jerawa a kanta, nauyin rajistarsu yana wuyan kamfanin. Ranar da ka manna sunanka a jikin jarka, nauyin ya dawo kanka. Dokar antifiriz ta jiharku, wadda aka kafa a 1975, ta ɗora rajista a kan wanda ya haɗa ruwan, ko wanda ya ɗura shi, ko wanda sunansa ke jikin takardar jarkar. A tsarin da ka kawo, biyu daga cikin ukun nan kai ne.

Ma'aikatar noma da kare masu saye ta jihar ita ke riƙe da wannan aiki. Shekarar izini tana farawa 1 ga Yuli, kuma kowane tambari da tasa rajistar da nasa kuɗin. Za ka cike takarda, ka haɗa da samfurin ruwan a jarka mai cikakken rubutu, su gwada. Idan mai duba kaya ya tarar da jarkar da ba ta da rajista, yana da ikon dakatar da sayar da ita nan take. Ka ga jarinka ya kwanta a tsakiyar hunturu, lokacin da ya kamata ya yi ta juyawa.

Rajistar jiha ɗaya kuma ba ta tsallaka iyaka. Filorida, alal misali, tana karɓar dala 200 a kan kowane tambari na wata 12, tana kuma neman sakamakon gwaji daga ɗakin bincike mai zaman kansa. Jojiya ma tana da tata dokar. Duk jihar da kake shirin aika kaya, sai ka nemi ƙa'idarta daban.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ɗurawa a jarka da hannu. Yawancin antifiriz da sinadarin etilin gilaikol ake yinsa. Guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi, ga launi mai ɗaukar ido, kore ko ruwan lemo, kamar abin sha na yara. Ka ɗauka wani ya sayi jarkarka ya ajiye a gareji, murfin na murɗawa ne kawai, ɗansa mai shekara uku ya iske ta. Saboda irin wannan ne dokar tarayya ta 1970 kan marufin kayan guba ta wajabta murfin da yaro ba ya iya buɗewa ga duk ruwan amfanin gida mai kashi 10 cikin 100 ko fiye na wannan sinadari. Wata dokar tarayyar kuma ta wajabta gargaɗi ɓaro-ɓaro a jiki cewa shansa yana iya kisa, tare da bayanin taimakon farko da umarnin a nisanta shi da yara.

Sai maganar ɗaci. Jihar Oregon ce ta fara, a 1991, da dokar sanya sinadari mai ɗaci a cikin antifiriz don yaro ko kare ya tofar da zarar ya ɗanɗana. Zuwa 2012 jihohi 17 sun yi irin wannan doka, ciki har da maƙwabtanku Bajiniya da Tenesi, kuma a Disambar shekarar manyan kamfanoni suka amince su riƙa sanyawa a duk jihohi 50. Sinadarin shi ne denatoniyam benzowet, kashi 30 zuwa 50 cikin miliyan. Tarkon yana nan, Alhaji: irin waɗannan dokoki sukan yafe wa manyan mazubai na galan 55 zuwa sama, don ba na kai wa gida ba ne. Duron da aka yi maka tayi yana iya zama halal a matsayinsa na duro, amma babu ɗacin a ciki. Ka tambayi mai shi, ya ba ka amsa a rubuce.

Takardar jikin jarka za ta ɗauki sunanka da adireshin kasuwancinka, da yawan ruwan da ke ciki, da bayanin ko tsantsa ne ko an riga an sirka. Idan tsantsa ne, sai ka nuna yawan ruwan da za a ƙara da iyakar sanyin da haɗin zai jure. Rabi da rabi yakan kai kusan digiri 34 ƙasa da sifiri a ma'aunin Farenhait. Kada ka rubuta cewa kayanka ya cika ma'aunin inganci na ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan kaya, mai lamba D3306 na ƙananan motoci, ko D6210 na manyan injunan dizal, sai da takardar gwaji a hannunka. Launin ruwan kuwa ba shaidar cika ma'auni ba ne. Kanikawa da yawa suna ruɗuwa da shi.

Yanzu ɗauko biro. Mu ɗauki kuɗin rajistar Filorida misali: dala 200 a kan galan 400 santi 50 ce kowane galan. A kan galan 4,000 santi 5 ce. Haka za ka raba kuɗin rajistar jiharku, da na gwaji, da na buga takarda, da na inshorar da za ta tsaya maka idan injin wani ya ƙone ya kai ka kotu. Idan abin da kake sayarwa a shekara bai wuce ɗaruruwan galan ba, arahar duron ta ƙare tun kafin ka ɗura jarkar farko.

Shawarata, wannan hunturun ka ci gaba da sarin masu rajista, ka riƙa rubuta galan nawa ke fita kowane wata. Idan lissafin ya nuna kasuwar ta isa, ka nemi kamfanin da ke haɗawa ya ɗura wa 'yan kasuwa da sunansu. Su ne ke da injin ɗuri da murfin da doka ta yarda da shi da takardar bayanin haɗarin sinadari. A yarjejeniyarku a rubuta wanda zai yi rajista a kowace jiha, da wanda zai biya idan gwaji ya kasa. Ka fara bin takardun tun watan Afrilu, domin izininka ya fito kafin Yuli, kayanka su iso kafin sanyin Nuwamba.