Amsa Ga Ƙanena Mai Son Karatun Fasahar Bidiyo da Kwamfuta a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, inda kake neman shawara ko ka taho Jamus digiri na biyu a tarihin fasahar bidiyo da kwamfuta da intanet, wato ayyukan ƙirƙira (art) da masu fasaha ke yi da su, da burin wata rana kai ma ka koyar da shi a jami'a kamar yadda nake yi.

Ka fara sanin cewa kwas ne na karatu da rubutu. Ɗalibai kan shigo da zaton kyamara za a miƙa musu, sai su ci karo da maƙalar masanin falsafa Bajamushe Walter Benjamin ta shekarun 1930, wadda ke tambayar me ya rage wa aikin fasaha idan inji zai iya fitar da kwafinsa barkatai. Nan wasu ke sulalewa.

Abin da ya fi ba malami wuya shi ne ayyukan da yake koyarwa mutuwa suke yi. A 1963 Nam June Paik, mai fasaha ɗan asalin Koriya, ya baje akwatunan talabijin a birnin Wuppertal na Jamus, ya taɓa cikinsu har hoton ya murɗe. Abin da nake iya haska wa ɗalibai yau hotunan baje kolin ne kawai, marasa kala. An daina ƙera irin waccan talabijin mai ƙaton baya, shi ya sa cibiyar fasaha ta ZKM da ke birnin Karlsruhe, wadda aka kafa a 1989, take adana tsofaffin na'urori tana gyara su. Ayyukan intanet ma ba su tsira ba. Da kamfanin Adobe ya rufe Flash, manhajar da ke kunna bidiyo da hotuna masu motsi a intanet, a ƙarshen 2020, ayyuka da dama suka daina buɗuwa, sai ta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. To idan an ɗora aikin Paik a talabijin ta bango, har yanzu shi ne? Ni dai na ce ba shi ba ne, amma ranar wannan muhawara aji kan kaure, kuma wanda bai taɓa buɗe baki ba ma sai ya tanka.

Batun aljihu kuwa, in a Karlsruhe za ka yi karatun, jihar da take ciki tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, sannan biza na bukatar ka nuna kusan yuro 12,000 na shekara guda. Koyarwar ma galibi da kwantiragin zango ake farawa, kuɗin awa ake biya, ba ko sisi lokacin hutu, kuma in ba Jamusanci kujerar dindindin sai dai hange.

Kafin ka cike fom, ka nemo maƙalar Benjamin ɗin, ka rubuto mini shafi biyu a kan abin da ka fahimta, mu tattauna. A gaida mutanen gida.