Wa ke samun gatan buga wasa a gida a ƙarshen kakar besbol ta Amurka?

Tambaya: Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne, inda muka saba da gida da waje, kowa wasa ɗaya. Da na fara bin besbol na Amurka sai na ga a wasannin fitar da gwani ana kara biyar ko bakwai, ke nan dole wata ƙungiya ta fi wata yawan wasa a filinta. Ƙuri'a ake jefawa, ko da me ake zaɓe?

Amsa: Ba ƙuri'a ba ce, Malam. Ana duba abin da kowace ƙungiya ta yi ne a wasanni 162 na kaka, sai dai akwai wata ƙa'ida a ciki da ke rikita mutane.

Gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, tana da ƙungiyoyi 30 da aka raba gida biyu, American League da National League, kowane ɓangare kuma yana da shiyya 3. Tun daga 2022, ƙungiyoyi 6 ke fitowa daga kowane ɓangare: zakarun shiyya 3, waɗanda ake ba lamba 1 zuwa 3 gwargwadon yawan nasararsu, sai 'yan cike gurbi 3, wato waɗanda suka fi yawan nasara cikin sauran, su ɗauki lamba 4 zuwa 6. Wanda lambarsa ta fi sama, wato ta fi kusa da 1, shi ne mai gida. Na 1 da na 2 ma hutawa suke yi a zagayen farko. Wannan zagaye wasa uku ne, kuma duka ukun a filin na sama ake buga su. Zagaye na biyu wasa biyar ne: biyu a gidan na sama, biyu a gidan na ƙasa, na biyar a dawo. Zagayen da ake wasa bakwai kuwa biyu, uku, biyu ne, na sama ya buɗe ya kuma rufe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Zakaran shiyya yana gaba da ɗan cike gurbi ko da ɗan cike gurbin ya fi shi nasara nesa ba kusa ba. A 2021 Los Angeles Dodgers ta ci wasa 106, amma San Francisco Giants da ke shiyya ɗaya da ita ta ci 107. Da Dodgers ta haɗu da Atlanta Braves, wadda ta ci 88 kacal amma ta lashe shiyyarta, a Atlanta aka fara, kuma Braves ce ta wuce.

World Series, wato karon ƙarshe tsakanin zakarun ɓangarorin biyu, tarihinsa daban ne. Shekaru da dama karɓa-karɓa ake yi, bana wannan ɓangare, baɗi wancan. A 2002 wasan taurari, wanda ake yi tsakanin ɓangarorin biyu a tsakiyar kaka don nishaɗi, ya tashi 7 da 7 a Milwaukee, 'yan kallo suka fusata. Sai shugaban gasar na lokacin, Bud Selig, ya kawo tsarin cewa ɓangaren da ya ci wasan taurari, zakaransa ne mai gida. A ganina wannan tsari bai yi ba ko kaɗan. Ina dalilin da wasan raha na watan Yuli, wanda akasarin masu buga shi ba za su kai ƙarshe ba, zai yanke hukuncin Oktoba? A 2016 Chicago Cubs ta ci wasa 103, Cleveland ta ci 94, amma a Cleveland aka buga na bakwai, domin ɓangarenta ne ya ci wasan taurari. Daga 2017 aka soke shi. Yanzu wadda ta fi nasara a kaka ita ce mai gida, zakaran shiyya ce ko 'yar cike gurbi. In an yi kunnen doki, sai a fara duba wadda ta fi cin 'yar uwarta a karawarsu ta kakar.

Amfanin gida a besbol ya wuce ihun magoya baya. Mai gida ce ke bugu daga ƙarshe a kowane zango, don haka a zango na tara, wanda a ƙa'ida shi ne na ƙarshe, ta san adadin makin da take nema, kuma da zarar ta zarce wasa ya ƙare. Filayen ma ba girmansu ɗaya ba. Fenway Park a Boston yana da katanga mai tsayin ƙafa 37 a gefen hagu, filin Denver kuma yana kan tudu, inda iska ba ta da nauyi har ƙwallo kan yi nisa fiye da yadda aka saba.

Duk da haka kada ka ɗauka gatan ya kai yadda ake zuzuta shi. A wasannin kaka mai gida kan ci wajen kashi 54 cikin 100 ne kawai. Minnesota Twins ta ɗauki kofi a 1987 da 1991 ta hanyar cin duka wasanninta huɗu na gida, amma a 2019, tsakanin Washington Nationals da Houston Astros, baƙi ne suka ci duka wasanni bakwai, Nationals ta ɗaga kofi a filin Houston.