Me ya sa suwid ya ƙi kirɓuwa kamar sakwara?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malama. Ni da maigidana muna zaune a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, inda yake karatu. Doya tana tsada ƙwarai a shagunan 'yan Afirka, sai na ga wani abu zagayayye mai nauyi a shagon unguwarmu, samansa shunayya, cikinsa rawaya-rawaya, an rubuta masa swede, wato suwid, ga shi da araha. Na saya na dafa, na kirɓa da niyyar yin sakwara, amma ya koma ruwa-ruwa, ga ɗaci-ɗaci, ga warin kabeji da ya cika gida. Don Allah yaya ake dafa shi, da me ake cin sa, kuma yana da amfani a jiki?

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya kamata ki fara sani shi ne suwid ba dangin doya ba ne, kuma ko kwana kika yi kina dukansa a turmi ba zai taɓa yin danƙon sakwara ba. Dangin kabeji ne. Masana tsirrai sun tabbatar cewa ya samu ne daga haɗuwar irin kabeji da na wata saiwa da Turawa ke kira tanif, kuma tun a 1620 wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Gaspard Bauhin, ya yi bayaninsa a rubuce. A Amurka da Kanada rutabaga za ki ga an rubuta, maƙwabtanki na Sikotilan kuwa neeps suke cewa. Wannan dangantaka da kabeji ita ce asalin warin da ɗacin da kika ji, domin dukkan dangin suna ɗauke da sinadarai masu ƙibiritu a cikinsu, waɗanda ke ƙara fitowa idan dahuwa ta wuce kima.

Danƙon sakwara daga sitaci yake zuwa. Idan doya ta dahu, ƙwayoyin sitacinta suna kumbura, sai taɓarya ta farfasa su, su fito su kama juna, shi ya sa malmala take tsayawa kuma take jan hannu. A cikin giram 100 na ɗanyar doya akwai kusan giram 28 na sinadarin ba da kuzari, mafi yawansa sitaci, a dankalin turawa kusan giram 17, a suwid kuwa bai kai giram 9 ba, kuma galibin wannan ɗan abin ma sukari ne da dusa-dusa mai taimakon hanji. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Saboda haka da kika kirɓa shi, ruwan da ke cikinsa kawai kika sako, babu abin da zai riƙe shi. A ganina, idan kika daina neman sakwara a wurinsa, za ki same shi abinci mai daɗi, mai ɗan zaƙi da gardi, wanda ake marmasawa ya zauna a gefen nama da miya.

Gyaran yana farawa tun daga shago. Ki zaɓi matsakaici, wanda ya yi nauyi a hannu, mai tauri, babu tabo ko wurin da ya yi laushi, domin manya-manyan sukan yi jijiya kuma sun fi ɗaci. Na lokacin sanyi ya fi zaƙi, saboda tsiron yana ƙara tara sukari idan sanyi ya buge shi, kuma kin yi sa'a kina inda ake noma shi sosai. Wajen yankawa ki yi hattara, yana da tauri fiye da yadda ido ke gani, kuma yana mirginawa. Ki fara sare ƙasansa kaɗan ya samu gindin zama a kan katako, sannan ki raba shi biyu da babbar wuƙa mai kaifi. Ki feraye shi da kauri, ba irin ferayar dankali ba, sai kin wuce wani layi mai ɗan kore-kore da ke ƙarƙashin ɓawon, kin isa tsantsar rawaya, domin ɗaci da jijiya sun fi taruwa a wannan wurin.

Ki yanka shi ƙanana daidai wa daida, kamar girman kan babban yatsa, ki zuba a ruwan sanyi mai gishiri wanda ya ɗan rufe shi, ki ɗora. Bayan ya tafasa yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Alamar dahuwa ita ce cokali mai yatsu ya shige ba tare da turjiya ba, kuma launin ya ƙara nuna ya koma kamar na kabewa. Da zarar ya kai nan ki sauke, kada ki bar shi yana ta ɓararraka, nan ne warin yake tashi.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma yawancin masu dafa shi karon farko suke tsallakewa, shi ne busar da shi. Ki juye a kwando ya tsane sosai, sannan ki mayar da shi cikin tukunyar babu ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan na minti biyu ko uku kina girgizawa. Za ki ga tururi yana tashi da yawa, ki ji ƙasan tukunyar yana ɗan ƙara, gefen yankakkun kuma ya fara yin fari-fari kamar an barbaɗa gari. A lokacin ne za ki marmasa shi da abin marmasa dankali ko bayan ludayi, ki sa bota ko man shanu kamar giram 50 ga kilo ɗaya, da masoro mai yawa, da ɗan gyaɗar ƙamshi idan kina so. Kada ki zuba madara kamar yadda ake yi wa dankali, shi ruwansa ya ishe shi. Maiƙon ne yake kwantar da sauran ɗacin. Idan har bayan wannan wani a gidan yana cewa da ɗaci alhali ke ba ki ji, ba tsirfa ba ce, domin akwai mutanen da halittar harshensu ta sa suke jin ɗacin dangin kabeji fiye da sauran jama'a.

Idan kina son abin da ya fi kama jiki, ki haɗa shi da dankalin turawa rabi da rabi. Mutanen tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan haka suke yi, su zuba ganye mai kama da lawashi, suna kiran abincin clapshot. Sai dai ki fara dafa suwid ɗin da kamar minti goma kafin ki zuba dankalin, tunda dankali ya fi saurin dahuwa, kuma ki nemi irin da ke da gari-gari kamar Maris Piper ko King Edward. A nan akwai abin lura ga wadda hannunta ya saba da turmi: dukan da yake gyara doya shi ne yake ɓata dankalin turawa. Idan kika sa shi a bilenda ko kika yi ta tuƙa shi da muciya, sitacinsa zai fashe ya koma yauƙi mai manne wa baki, ba sakwara ba, ba marmasasshen dankali ba. Hannu mai sauƙi yake so, da zarar gudaji sun ɓace a tsaya. A Ingila kuwa da karas aka fi haɗa suwid, ana ci da gasasshen nama ranar Lahadi, kuma wannan haɗin nake ba da shawara a fara da shi ga yara, domin zaƙin karas yana rufe ɗacin kusan gaba ɗaya. Dankalin Hausa ma yana yin wannan aiki, har ya fi karas ba da kauri.

Tunda kina Sikotilan, za ki ga abin ya yawaita a ranar 25 ga Janairu, daren da suke tunawa da haihuwar mawaƙinsu Robert Burns a 1759. Suna cin marmasasshen suwid da na dankali tare da haggis, wanda ake yi da zuciya da hanta da huhun tunkiya, a haɗa da albasa da kitse da hatsin oat. Idan aka gayyace ku, ki tambaya, domin yawancin na shago ba yankan Musulmi ba ne, wasu kamfanonin ma suna sa naman alade ko kitsensa, amma akwai wanda babu nama a cikinsa da ake sayarwa a manyan shaguna. Haka kuma a Suwidin suna marmasa shi da dankali da karas su kira shi rotmos, kuma sau da yawa a romon ƙafar alade suke dafa shi, saboda haka ganin kayan lambu a faranti bai wadatar ba sai an tambayi ruwan da aka dafa su. A Nowe da haƙarƙarin rago mai gishiri suke ci lokacin Kirsimeti, wanda ya nuna yadda yake dacewa da nama mai maiƙo.

A teburinki, abin da na fi ganin ya dace da shi shi ne farfesun rago ko na kayan ciki mai kauri, ko jar miya da aka soya sosai har mai ya taso. Ba ya tafiya da miyar kuka ko kuɓewa, domin ba a iya yin loma da shi, cokali yake buƙata. Wata hanyar ita ce ki yanka shi ƙanana ki sa a faten dankali, da jajjagen attaruhu da albasa da citta da tafarnuwa, a nan ma ki zuba shi kafin dankalin. Idan kina da obin, ki shafa masa mai ki gasa shi kamar minti 40 kafin ki marmasa, ruwan zai ƙone, zaƙin ya fito fiye da na dafaffe.

Game da amfaninsa, giram 100 na ɗanyensa yana da kusan miligiram 25 na bitamin C, ga fotasiyam, kuma kuzarin da yake bayarwa bai kai rabin na dankalin turawa ba, kimanin kalori 37 ne. Wannan ya sa yake da kyau ga mai son rage ƙiba, amma kuma shi ya sa ba ya riƙe ciki. Jamusawa sun ɗanɗana haka a hunturun 1916 zuwa 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da dankali ya lalace suka koma dogaro da suwid, aka sha yunwa mai tsanani duk da ana cika ciki da shi. Don haka kada ki sa shi ya zama madadin tuwo ga yara masu tasowa ko maigida mai wuni a waje, a haɗa shi da dankali ko shinkafa da nama ko wake. Mai ciwon sukari zai iya amfana da musanya rabin dankalinsa da shi, amma ya yi shawara da likitansa kan adadin. Yana kuma iya kawo kumburin ciki kamar kabeji, saboda haka a fara da kaɗan. Abin da ya rage ki sa a firji ki cinye cikin kwana biyu, ko ki daskarar da shi, idan za ki ɗumama kuma ki yi a tukunya buɗe domin ruwan da ya sake fitarwa ya ƙone.